Ka Ba Su Tazara

Duk wanda ya koyi tuƙi a makarantar da ke bayan gidan mai ya san Malam Tazara, ko da bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Bakinsa ne ya jawo masa laƙabin. Ɗalibi na riƙe da sitiyari, motar gaba tana can nesa da ƙyar ake hango ta, amma sai Malam ya buga cinya ya kwatsa ihu: "Tazara! Ka ba shi tazara! Ɗan'uwanka ne da za ka je ka rungume shi?"

A faɗarsa, tun da ya fara tuƙi bai taɓa goge ko madubin wani ba. A faɗarsa kuma, ya taɓa tsayar da tirela maƙare da siminti a kan gangara da yatsa ɗaya tak. Idan labarin ya kawo nan sai ya cire takalmi, ya ɗora ƙafar dama a kan benci, ya nuna wa jama'a babban yatsan. "Ku kalle shi da kyau. Shi ya yi mini aure, shi ke ciyar da gidana." Duk shekara tirelar ƙara tsawo take yi, gangarar kuma ƙara zurfi.

Malaman makarantar su biyu ne, shi da Auta, ƙanin matarsa, wanda shi Malam ya roƙar wa aikin kuma bai taɓa barinsa ya manta ba. Wata rana Manaja ya kira su ofis ya ce an sayo sabuwar mota, tsohuwar kuma za a sayar. Ranar yaye ɗalibai za a gwada su biyun a fili, gaban kowa. Manaja zai shiga gaba da tasa motar, malami ya biyo shi da sabuwar, shi kuma ya taka birki ba zato ba tsammani. Wanda ya fi iya tsayawa shi zai riƙe mukulli. Ɗayan kuwa aji zai koma, ya riƙa zana alamomin hanya a allo.

Ajin nan Malam "kabarin direbobi" yake kiransa. Ɗaki ne mai taga ɗaya da fankar da ta daina juyawa tun kafin a ɗauki Auta aiki. Da suka fito ya dafa kafaɗar Auta cikin tausayi.

"Ka fara koyon riƙe alli tun yanzu, yaro."

"To Yaya. Wane launi zan ajiye maka?"

Ba a jima ba, wata safiya yatsan nan mai tarihi ya tashi a kumbure, ja jawur, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Zanin gado ya ɗan goge shi, Malam ya saki ƙarar da ta sa maƙwabciya ta leƙo tana tambayar wa ya rasu. Matarsa ta ce sai asibiti. Shi kuwa ya ce ya riga ya gano ciwon: ƙashi ne ya gaji da aiki, abinci yake nema. A hanya ya sa mai tasi ya tsaya a kemis, ya sayi ƙatuwar robar kalsiyam, farar ƙwayar nan da ake sha don ƙarfin ƙashi, ya haɗa da robobin bitamin kala-kala. Asibitin ma ya ƙarasa ne kawai don a tabbatar masa da binciken da ya gama.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta duba yatsan, ta sa aka ɗebi jini, ta ce ciwon sunansa gawut, wani abu ne mai kama da gishiri ke taruwa a gaɓa yana sukarta daga ciki. Matar Malam ta fita biyan layin karɓar magani, kuma fitar nan tata ita ce asarar farko. Likita ta nuna masa wata 'yar kwalba mai ƙananan ƙwayoyi.

"Akwai na rage zafi, wannan na ɗan lokaci ne. Amma irin wannan ƙaramar kullum za ka riƙa sha, ko da zafi ko babu. Ka rage hanta da ƙoda da jan nama, ka yawaita shan ruwa."

Malam ya zazzage ledarsa a kan teburinta. "Waɗannan fa? Na riga ki farawa."

Ta jujjuya robobin. "Kalsiyam da bitamin ba su ne maganin wannan ciwon ba, Baba. In ka nace sai ka sha, kada ka wuce abin da aka rubuta a jiki, kuma ka ba su tazara da nawa maganin. Abin da nake nufi shi ne..."

"Likita!" Malam ya ɗaga hannu, fuskarsa ta cika da murmushi. "Tsaya nan. Kin shigo fagena da ƙafarki. Ni za a yi wa bayanin tazara? Ki fita titi ki tambayi sunana."

Ta sake buɗe baki, ya sake rufe mata shi da labarin tirelar siminti. Har ya miƙe yana ɗingishi yana gayyatarta bikin yaye ɗalibai, ta zo ta ga yadda yatsan da ta duba ke taka birki. Ta ce dama za ta zo, ƙanwarta na cikin ɗaliban. Mai bi masa a layi ya riga ya turo ƙofa, Malam ya fita yana jin ya ƙarar da likita.

Da yamma ya zauna a bencin ƙofar shagon da ke tsallaken gidansu, inda mai shago da mai aski da mai faci ke haɗuwa hira. Ya ajiye farar ƙwaya ƙatuwa a wannan gefen benci, ƙaramar a wancan.

"Wannan tirela ce. Wannan kuma keke. Cikin mutum hanya ce mai kwana-kwana. In tirela da keke suka yi karo a kwana, wa ke shan wuya? Shi ya sa likita ta ce a ba su tazara. Ita a littafi ta karanta, ni da hannuna na yi shi."

Mai shago ya sosa ƙeya. "To ai in ka haɗiye su, a ciki ɗaya za su haɗu, Malam."

"Kai ka tsaya a kan sukari da sabulu. Motoci ma ai a gari ɗaya suke haɗuwa. Abin da ake gudu shi ne su taso daga tasha ɗaya."

Mai faci ya gyaɗa kai, don shi duk maganar da aka sa mota a ciki gaskiya ce.

Aka fara aiki. Tirela ta samu tasha a gefen gado. Keke aka kai shi can saman kabad ɗin kicin, bayan tukwane. Kowace safiya Malam ya haɗiyi wannan, ya ɗingisa kicin, ya hau kujera, ya haɗiyi wancan. Zafi ya lafa saboda maganin rage zafi, amma Malam kalsiyam ya yi wa godiya. Don murna ya tsaya wajen mai gashi ya ce a cika masa takarda da hanta da ƙoda.

"Ba an hana ka ba?" in ji matarsa da ta ga maiƙo a gemunsa.

"Ragewa aka ce. Na rage albasa. Kuma ke kin taɓa ganin tirelar da ke tafiya ba mai?"

Washegari yatsan ya dawo da fushin da ya fi na farko. Da wani ne, da ya zauna ya yi tunani. Malam ya auna daga gado zuwa kicin da ido, ya girgiza kai. Tazarar ce ta yi kaɗan.

Ya kai kwalbar wajen mai shago, aka ajiye ta tsakanin gwangwanayen madara. Yanzu shan magani sai an tsallaka titi. Takalmi ya ƙi shiga, ya sa reza ya yanke masa baki, yatsan ya leƙo waje yana kallon duniya. Yakan ɗaga hannu ya tsayar da motoci kamar ɗan sanda, ya ratsa titi da taku ɗai-ɗai, direbobi na danna hon, shi kuma yana yi musu tsawa su ba shi tazara. Wata safiya ya kai tsakiyar titi sai ya hango shago a rufe, mai shago ya tafi sarin kaya. Ya tsaya nan yana shawara da kansa, har wani mai babur ya tambaye shi ko sabon shataletale ne gwamnati ta kafa.

Ciwon bai sauka ba, don haka keke ya sake ƙaura zuwa shagon mai aski, can ƙarshen layi. Nan ma ba a daɗe ba mai aski ya maido masa da kwalbar har benci.

"Malam, ɗauki kayanka. Duk mai sanƙon da ya zauna a kujerata sai ya tambaye ni ko maganin tsiro da gashi ne. Jiya da ƙyar na ƙwace ta a hannun wani."

"Da ka bar shi. Ƙwayar ba ta da ƙarfin tsiro da komai."

A nan ne babbar dabara ta zo masa. Surukarsa na zaune a can ɗaya gefen gari, bayan gada, a saman wani bene mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Ya shiga tasi ya kai kwalbar da kansa, ya hau yana nishi, ya roƙi tsohuwar ta ajiye masa amana. Ta karɓa ta sa a cikin akwatin kayanta, ta kulle, tana sa masa albarka ba tare da ta fahimci komai ba. Ya sauko a zaune, mataki bayan mataki. Da ya dawo benci ya sanar da cewa yanzu an samu tazara ta ƙa'ida.

"To yaushe za ka riƙa zuwa sha?" in ji mai shago.

"In ƙafa ta warke."

"Ita kuma ƙafar me zai warkar da ita?"

"Kai dai Allah ya yi ka da tambayar da ba ta kawo ciniki."

Tunda keke ya bar hanya, tireloli suka samu fili. Malam ya ninka kalsiyam, ya bi shi da bitamin ja da kore da ruwan ƙasa, safe da rana da yamma. Fitsarinsa ya koma ruwan ɗorawa shar, ya zo benci ya ba da labari cewa ciwon ne ke fita, har ya yi tayin nuna wa mai shakka. Ba a samu mai shakka ba. Sai kuma cikinsa ya ɗaure tamau. Yakan shiga banɗaki da safe ya zauna, yara su yi layi da burushi a hannu, makaranta na neman wuce su. Matarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baban yara, gosulon bai saki ba?"

"Ki bar ni. Manyan motoci ba sa gaggawa."

"To ka yi fakin a gefe yara su wuce."

Da ta ga abin ya wuce wasa, sai ta roƙi Auta ya biya gidan mahaifiyarsu ya karɓo kwalbar. Auta ya kawo ta har falo, ya ajiye a kan tebur, daidai kusa da robar kalsiyam. Malam ya fito daga ɗaki, ya ga tirela da keke kafaɗa da kafaɗa, ya yi salati da ƙarfi kamar ya ga maciji.

"Na gane! Kun haɗa baki ke da ƙaninki ku haɗa mini hatsari a ciki, don ya samu mota!"

"Yaya," in ji Auta, "in motar nake so ai sai in ƙyale ka da tsarinka. Kana yi mini aikin da kanka."

"Ji bakinsa. Wa ya koya maka bambancin birki da totur?"

"Kai ne. Shi ya sa nake jin kunyar abin da za a gani."

"Mayar da ita inda ka ɗauko!"

Matar ta ce a kira likita a waya a tambaye ta mana. Malam ya ce ba zai ɗaga wa yarinya hankali a kan darasin da shi ya koya mata ba. Auta ya ɗauki kwalba ya fita, yayarsa na binsa da kallo, idonta ya ciko don takaici. Ita ta san abin da ajin allo zai yi wa mijinta, shi ne bai sani ba.

Ranar yaye ɗalibai fili ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, ɗalibai da danginsu sun zauna. 'Yan benci sun zo gaba ɗayansu, mai aski har da rufe shago. Likita na layin gaba kusa da ƙanwarta. Sabuwar mota na tsaye fara sol, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Malam ya iso cikin babbar riga, ƙafar hagu da takalmi mai sheƙi, ta dama da silifar wankan matarsa, don yankakken takalmin ma ya daina karɓar yatsan. Ya ɗaga wa likita hannu.

"Kin ga majinyacinki? Garau!"

Ta dubi silifar, ta dubi fuskarsa, ta yi niyyar tasowa. Lasifika ta riga ta, aka sanar da fara gwaji.

Auta ya fara. Manaja ya ja motarsa, Auta ya bi shi, suka zagaya fili. Manaja ya taka birki, Auta ya tsaya cak, tsakaninsu wata motar za ta iya shiga. Aka tafa.

Malam ya karɓi lasifika kafin ya karɓi mukulli. "Jama'a, kun ga na yara. Yanzu za ku ga na wanda ya haifi abin. Inda zan tsaya, sai a shimfiɗa tabarma tsakanina da Manaja a yi hira." Ya shiga mota, ya zaro robar kalsiyam daga aljihu, ya watsa guda biyu a baki don ƙarin ƙarfi, ya tura robar ƙarƙashin kujera.

Tafiya ta fara lafiya, don totur da diddige yake taɓa shi. Har ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa 'yan benci. Suka sha kwana ta farko, wani abu ya gangaro daga ƙarƙashin kujera, bai kula ba. Suka miƙo daidai gaban rumfa, fitilun bayan motar Manaja suka kawo ja.

Shekara da shekaru ƙafar nan ta saba, ba ta jira umarni ba. Ta tashi ta dira a kan birki da babban yatsa.

Ƙarar da Malam ya yi, har masu sayen mai a gidan mai sai da suka waiwayo. Ƙafar ta yi tsalle ta bar birki, gwiwa ta daki sitiyari, hon ya ɗauka. Ya kawo ƙafar hagu da sauri ya danna, birki ya ƙi sauka. Ya sake dannawa da dukan ƙarfinsa, ya ji ƙaras, robar kalsiyam ce ta shige ƙarƙashin birkin ta yi daram. Sabuwar mota ta tafi a hankali, cikin natsuwa, hon na kuka, ta sa hanci a but ɗin motar Manaja. Fitila ta tarwatse, bamba ta faɗo, but ya buɗe baki.

Malam ya buɗe ƙofa, fararen ƙwayoyi suka zubo ƙasa suna gangarawa ko'ina, silifa ta biyo su.

"Tirelolin sun yi ɓari," in ji mai faci.

"A kawo tabarmar mana," in ji mai aski. "Ko sallaya ba za ta shiga ba."

Dariya ta ɓarke har cikin rumfa. Auta ne kaɗai bai yi ba, shi ya ruga ya tallabo shi ya zaunar da shi a kujera. Manaja ya fito yana dafe da ƙeya, ya zagaya motocin biyu yana duba ɓarnar. Likita ta durƙusa ta dubi yatsan, wanda yanzu ya kusa kai girman ƙwai.

"Baba, kana shan ƙaramar ƙwayar kuwa?"

"Tana nan lafiya. Na ba ta tazara yadda kika ce."

"Tana ina?"

"Gidan surukata. Bayan gada, saman bene, cikin akwati." Ya ɗaga murya don jama'a su shaida. "In akwai wanda ya taɓa ba magani tazarar da ta kai wannan, ya fito."

Likita ta rufe ido na ɗan lokaci. Lasifikar da Malam ya ajiye tana kan kujerar kusa, ba a kashe ta ba, don haka duk fili ya ji amsarta.

"Tazarar lokaci nake nufi, Baba. Ka sha wannan da safe, wancan in an jima. Ko a aljihu ɗaya ka ajiye su babu ruwana."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Tirelar siminti."

Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai shago ya ce shi dai tun farko ya yi tambaya aka ce ya koma kan sabulu. Malam ya buɗe baki zai bayyana cewa laifin Manaja ne da ya tsaya ba sigina, amma Manaja ya riga ya iso kansa. Ya sunkuya ya zare mukullin daga hannunsa, ya miƙa wa Auta ba tare da ya dube shi ba. Sannan ya laluba aljihu ya ciro guntun alli, ya sa a tafin Malam, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Malam, daga yau ka ba motocina tazara."

Malam ya dubi allin, ya dubi farar motar da ledar kujerunta ke kaɗawa. Karon farko a rayuwarsa ya tsaya ya nemi a ƙarasa masa bayani.

"Ranka ya daɗe, ta lokaci ko ta wuri?"

"Duka biyun," in ji Manaja.